Idan maganin tayirod ya gaza: a ƙara ƙwaya, a gyara yadda ake sha, ko a sauya magani?

Duk mai fama da raunin tayirod, wato wanda 'yar halittar nan da ke gaban wuyansa ta daina fitar da isasshen sinadari, yakan kai wata gaɓa da zai ga kamar ƙwayar da yake haɗiya kullum ta daina aiki. Ko dai sakamakon gwajin jini ya dawo lambar TSH, wadda ake auna aikin tayirod da ita, ta haura, ko kuwa lambar tana nan lafiya lau amma kasala, jin sanyi, taurin bayan gida da ƙaruwar nauyi sun ƙi barin sa. A nan hanya takan rabu uku. Ana iya ƙara yawan maganin, ana iya barin sa yadda yake a gyara yadda ake shan sa, ana kuma iya sauya shi ko a haɗa masa wani. Yawancin mutane ta farko suke nufa kai tsaye, don ita ce ta fi saurin zuwa a rai: abu bai isa ba, sai a ƙara. A ganina ita ya kamata ta zo ta biyu, in ban da yanayi guda da jinkirin ƙari yake da haɗari, wanda zan zo kansa.

Kafin a auna waɗannan hanyoyi, dole a gane lambar da ake rigima a kanta. Ba tayirod ce ke fitar da TSH ba. Wata halitta ce ƙarama a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, take aika shi don ta zaburar da tayirod, kamar uwa da ke ƙara ɗaga murya idan yaron da ta aika yana nawa. Shi ya sa lambar take tafiya a juye: idan ta yi sama, sinadarin tayirod ya yi kaɗan a jiki, idan ta faɗi ƙasa sosai, ya yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji, daga 0.4 zuwa 4.0 ne ake ɗauka daidai. Mutane da dama na ganin lamba ta hau sai su ce magani ya yi musu yawa, su rage da kansu, alhali akasin haka ake nema.

Maganin da kusan kowa ke sha shi ne lebotayiroksin, wanda ake samu da sunaye irin su Euthyrox, Eltroxin da Synthroid. Kwafin T4 ne, sinadarin da tayirod ke fitarwa mafi yawa, kuma yana daɗewa a jini: sai an yi kusan kwana 7 kafin rabin abin da aka sha ya ƙare. Saboda haka duk sauyin da aka yi yau, jiki ba zai gama daidaita da shi ba sai bayan mako biyar zuwa shida. Dalilin ke nan da likitoci ke cewa a dawo gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Wanda ya yi gwaji kwana goma bayan ƙari ya ga lamba ba ta sauka ba, ya sake ƙarawa, to ya hau turbar da za ta wuce da shi gona da iri.

A ɗauki misalin mace mai nauyin kilo 65 wadda cutar Hashimoto, wato wadda garkuwar jiki ke juya wa tayirod baya, ta gama raunana mata tayirod. Lissafin da aka saba shi ne maikirogiram 1.6 a kowane kilo, wato 104, sai a ba ta ƙwayar 100. Ta yi watanni lambarta na zaune, sai ga sakamako ya dawo 9. Idan aka tsaya a kan takarda kawai, amsar a fili take: a kai ta 125. Amma a tambaye ta yadda safiyarta take. Tana tashi ta ɓare ƙwayar tayirod, ta haɗa da ƙwayar ƙarin jini da aka rubuta mata watanni biyu da suka wuce, ta kora su duka da kofi mai madara, ta fita aiki. Ranar hutu kuma, da tsarin safiya ya sauya, takan manta. Wannan mantuwar ta rana ɗaya kaɗai ta mayar da 700 na mako zuwa 600, kamar dai tana shan 86 a kullum. Ga sinadarin ayon da ke cikin ƙwayar ƙarin jini yana kama maganin a hanji ya hana shi shiga jini, ga kalsiyam na madara, ga kofin shi kansa da aka san yana rage tsotsar maganin. Ƙwayar 100 ba ta gaza ba, hanya aka tare mata.

To a kwatanta abin da zai biyo bayan kowace hanya. Idan aka ƙara mata zuwa 125 ba a taɓa komai ba, lambar za ta sauka, kowa ya yi murna. Bayan wata uku ta gama shan maganin ƙarin jini, abin da ke tare hanya ya kau, 125 ɗin nan ya riƙa shiga jini gaba ɗaya. Sai faɗuwar gaba, rawar hannu, zufa da rashin barci su fara, a koma ragewa, a sake jiran mako shida. Idan kuwa aka bar ta a 100, aka ce ta sha da ruwa zalla, ta jira kafin karin kumallo, ta mayar da ƙwayar ƙarin jini zuwa rana, akwai yiwuwa mai ƙarfi lambar ta koma mazauninta ba tare da an sauya komai a takardar magani ba. Abin da wannan hanya ke ci shi ne haƙurin mako shida da ɗan tsari, kuma ba ta da illa. Shi ya sa nake sa ta a gaba.

Ƙa'idar sha ba ta da yawa. Ko a cikin da babu komai, kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ƙwayar ne ke shiga jini, abinci kuma yana ƙara rage wannan. Don haka a sha da ruwa, a jira minti 30 zuwa 60 kafin a ci wani abu, kuma awa ɗaya ta fi. A ba da tazarar awa huɗu tsakaninsa da ƙwayoyin ayon, kalsiyam, da magungunan ƙwannafi masu ɗauke da alminiyam. Waken soya da abinci mai yawan harza su ma suna rage shi. Magungunan da ke rage ruwan tsamin ciki, irin su omefirazol, nasu daban ne: ƙwayar tayirod na bukatar wannan tsami don ta narke, kuma tunda aikin omefirazol yana ɗaukar yini guda, raba lokaci ba ya magance matsalar sosai.

A nan ne hanyar ƙari take da hujjarta, kuma bai kamata a danne ta ba. Wanda zai daɗe yana shan omefirazol, ko wanda yanayin aikinsa ba zai taɓa barin sa ya jira awa ɗaya da safe ba, ba laifi a ƙara masa magani daidai da yadda yake rayuwa. Sharaɗin shi ne ya dawwama a kan tsari ɗaya. Jiki na iya zama lafiya da tsarin da bai cika ba matuƙar kullum haka yake. Abin da ke wahalar da likita da marar lafiya shi ne yau da abinci, gobe ba abinci, jibi an manta.

Wasu sukan tambaya ko safe ya fi ko dare. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka buga a 2010 ya nuna cewa waɗanda suka sha lokacin kwanciya barci sun samu TSH da ya ɗan fi sauka, alamar maganin ya fi shiga jini, ko da yake ba a ga bambanci a yadda suke jin jikinsu ba. Dare na da daɗi ga mai gaggawar safiya da mai tarin magungunan safe, amma da sharaɗin an yi aƙalla awa uku da cin abincin ƙarshe. Mai cin abinci a makare ko mai taɓa ɗan abu kafin barci, safe ya fi masa. Wanda ya koma daga wannan zuwa wancan ya ɗauke shi a matsayin sauyin magani, ya yi gwaji bayan mako shida.

Haka ma sauya kamfani. A takarda duk 100 ɗaya ce, amma abubuwan da ake cuɗa ƙwayar da su sun bambanta, kuma wannan magani ne da ɗan bambanci kaɗan ke iya motsa lamba. A 2017 an sauya kayan haɗin Levothyrox, wani samfurin lebotayiroksin, a Faransa, aka cire sukarin madara aka sa wasu a madadinsa, dubban mutane suka kai ƙorafin cewa jikinsu ya sauya, har aka dawo da tsohon samfurin na wani lokaci. Idan kwalin da aka miƙo maka ya bambanta da na watan jiya, ka rubuta ranar da ka fara shi, ka faɗa wa likita. Zafi, laima da hasken rana su ma suna rage ƙarfin ƙwayar, saboda haka wurin ajiya na cikin abin da za a tambaya kafin a ce magani ya gaza.

Idan an gyara duk wannan, mako shida ya wuce, lambar na nan a sama, to ƙari ya wajaba, kuma jan ƙafa a nan cutar da kai ne. Dalilan gaske suna da yawa. Hashimoto cuta ce mai ci sannu a hankali, abin da ya rage na tayirod yana ƙara raguwa da shekaru. Nauyin jiki na iya ƙaruwa. Ƙwayoyin da ke ɗauke da istirojin, na tsarin iyali ko na bayan ɗaukewar al'ada, suna ƙara furotin ɗin da ke riƙe T4 a jini, sai bukata ta hau. Rifamfisin na tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su kabamazefin da fenitoyin, suna sa hanta ta yi saurin ƙone maganin. Matakin ƙari ƙarami ne, 12.5 zuwa 25 a lokaci guda. Inda babu ƙwayar tsakiya, likita na iya cewa yau 100 gobe 125, wanda ya zama 112.5 a tsakaice, ko a ƙara rabin ƙwaya a wasu ranaku na mako. Daɗewar maganin a jini ce ta sa hakan ke yiwuwa, domin jimillar mako ita jiki ke gani. Wanda kuwa bukatarsa ta haura maikirogiram 2 a kowane kilo kuma yana sha yadda ya kamata, a daina ƙari haka nan a duba cikinsa: ƙwayar cutar gyambon ciki ta H. pylori, lalacewar bangon tumbi, ko cutar siliyak ta rashin jituwa da alkama. Ga irin waɗannan, maganin ruwa ko na kwanso mai taushi kamar Tirosint yakan fi shiga jini.

Saurin ƙari ya danganta da wanda ake yi wa. Matashi mai lafiyar zuciya ana iya fara masa da cikakken adadi tun ranar farko. Dattijo ko mai ciwon zuciya ana farawa ne da 12.5 ko 25, a hau a hankali, domin sinadarin yana ƙara wa zuciya aiki da bukatar iska, kuma gaggawa na iya tayar da ciwon ƙirji. Lambar da ake nema ma ba ɗaya ba ce. TSH na ɗan hawa da tsufa ko ga mai lafiya, har ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka a jagorarta ta 2014 ta ce ga masu shekara 70 zuwa 80 ana iya nufar 4 zuwa 6. Binciken TRUST da aka buga a 2017, wanda ya ƙunshi mutum 737 masu shekara 65 zuwa sama da TSH ɗinsu ya ɗan hau kaɗan amma T4 yana daidai, ya nuna cewa magani ya gyara lambar amma bai rage musu gajiya ko sauran alamu ba. Don haka idan dattijuwa mai shekara 78 ta zo da 5.5, barin ta yadda take sau da yawa ya fi ƙari alheri.

Ina so a ɗauki yawan magani da muhimmanci kamar ƙarancinsa, domin shi ne ake rainawa. TSH da ya daɗe ƙasa da 0.1 yana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, irin wanda ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki, yana kuma zaizaye ƙashi, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Abin da ya sa yake yaudara shi ne a farko mutum kan ji ƙarfi da kuzari. Wanda ya rame sosai ko ya manyanta, bukatarsa na raguwa, ya dace a duba ko lokacin ragewa ya yi. Waɗanda aka yi wa aikin kansar tayirod ne ake danne musu TSH da gangan, wanda kuma matsalarsa daga fituwitari take, TSH ba ya faɗin gaskiya a kansa, da T4 ake auna shi. Ciwon ƙirji ko bugun zuciya marar tsari bayan ƙari ba abin jiran mako shida ba ne, asibiti ake zuwa a ranar.

Wani lokaci ma gwajin ne ke da matsala. Biyotin, da ake sha don gashi da farce, yana rikita na'urorin gwaji da yawa har sakamako ya nuna kamar magani ya yi yawa, don haka a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini. Wanda ke murmurewa daga rashin lafiya mai tsanani, TSH ɗinsa na iya hawa na ɗan lokaci ya sauka da kansa. Idan za a auna T4, gara a ɗebi jinin kafin a sha ƙwayar ranar.

Saura mafi wuya: lamba ta yi daidai, mutum kuwa bai ji daidai ba. Ana ƙiyasta kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu shan lebotayiroksin suna cikin wannan hali, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ƙari a nan ba ya cika biyan bukata. An yi gwaje-gwajen da aka sassauya wa mutane adadi ba tare da sun san wanne suke sha ba, aka kai TSH ɗinsu ƙasan iyaka ko samanta, ba a ga wani bambancin kirki a jin daɗin jikinsu ba. Duk da haka, idan lambar tana kusa da 4, gwada ƙarin 12.5 don a sauko da ita tsakanin 1 da 2 abu ne da likitoci da dama ke yarda da shi, muddin za a koma baya in bai yi amfani ba. Kafin nan a nemi sauran masu kawo gajiya: ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12, ciwon sukari, sarƙewar numfashi cikin barci, ciwon damuwa, ɗaukewar al'ada. Mai Hashimoto ya fi sauran mutane yiwuwar samun wata cutar da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, saboda haka wannan bincike ba ɓata lokaci ba ne.

Sai hanya ta uku, wato sauya magani ko haɗa masa wani. T4 ajiya ne, T3, ɗaya sinadarin na tayirod, shi ne mai aikin, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na T3 gaɓoɓin jiki ne ke sarrafa shi daga T4. Tunanin masu haɗa T4 da T3 shi ne wataƙila wasu ba sa wannan sarrafawar yadda ya kamata, sai a ba su T3 kai tsaye, wato liyotayironin ko Cytomel. Wani ƙaramin bincike na mutum 33 a Lituweniya a 1999 ya nuna haɗin ya inganta yanayin rai, ya tayar da fata sosai, amma gwaje-gwaje sama da goma da suka biyo baya ba su tabbatar da fifikonsa a kan T4 shi kaɗai ba. Matsalar T3 ita ce gajeren rai: kusan yini ɗaya rabinsa ya ƙare, yana hawa da sauri bayan sha ya faɗo, sai an raba shi sau biyu a rana, kuma zuciya na jin wannan hawa da sauka. Ƙungiyar likitocin tayirod ta Turai a 2012 ta ce ana iya gwada shi a hannun ƙwararre ga wanda aka kawar masa da sauran dalilai, na wata uku, in babu sauƙi a daina.

Busasshiyar tayirod ta dabba, irin Armour Thyroid da ake yi daga ta alade, ita ce ake tallatawa da sunan ta halitta ce. Tsohuwar hanya ce, domin tun 1891 George Murray ya yi wa wata mata magani a Ingila da ruwan tayirod na tunkiya. Amma rabon T4 da T3 a cikinta kusan 4 da 1 ne, alhali tayirod ɗin ɗan Adam na fitar da kusan 14 da 1, ke nan T3 ɗinta ya yi yawa ga jikinmu. A wani bincike na mutum 70 a Amurka a 2013, kusan rabinsu sun ce sun fi son ta, sai dai ma'aunin alamu da na jin daɗin rayuwa bai nuna bambanci ba. Ba na raina abin da waɗannan mutane suka ji, amma tsakanin biyun, wanda lallai zai gwada T3 gara ya gwada ɗan ƙaramin liyotayironin a kan lebotayiroksin, inda za a iya juya kowanne daban. Dattijai, masu ciwon zuciya da masu raunin ƙashi, duka biyun ba nasu ba ne.

Yanayin da na ce ba a jira shi ne juna biyu. A watannin farko jariri bai fara yin nasa sinadarin ba, da T4 na uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma bukatar uwa na fara hawa tun makonnin farko, takan ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. Jagorar ƙungiyar Amurka ta 2017 ta ce da zarar an tabbatar da ciki a ƙara kashi 20 zuwa 30, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ƙwaya tara a mako maimakon bakwai. 'Yar'uwa, idan kina shan wannan magani kuma kina shirin ɗaukar ciki, ki tsara wannan da likitarki tun kafin ya samu, don ranar da gwaji ya nuna ki san abin da za ki yi, sannan ki sanar da ita nan take. Kada ki daina maganin don tsoron zai taɓa jariri, rashinsa ne ke cutar da shi. Idan kina kan T3 ko busasshiyar tayirod, a mayar da ke lebotayiroksin zalla, domin T4 ne ke isa ga ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Ana auna TSH kowane mako huɗu har tsakiyar ciki, ana so ya zauna ƙasa da 2.5, kuma ƙwayoyin ayon da kalsiyam na awon ciki suna bukatar tazarar awa huɗun nan. Bayan haihuwa akan koma adadin da ake sha kafin ciki, a sake gwaji bayan mako shida, kuma shayarwa ba ta hana shan maganin.